Ga Masu Son Zama Ibro

Ƙannena samari da 'yan mata na Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye,

Maganar wasan kwaikwayo zan yi da ku, don na ga ta shiga ranku sosai. Da rani, in aikin gona ya sarara, da wuya la'asar ta yi ba ka ga samari uku ko huɗu a bayan gari ba, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka, ɗaya ya yafa zanin innarsa ya zama tsohuwa, ɗaya ya shafa toka a haɓa. Kafin a kira isha'i an ɗora a TikTok, an koma dakali ana ƙirga waɗanda suka kalla. In ka tambayi ɗayansu ina ya dosa, sai ya ce Ibro yake so ya zama. Ba zan ce ku bari ba. Na san iyaye da yawa abin da za su ce ke nan, kuma suna da hujjarsu, zan zo kanta a gaba. Abin da nake so shi ne, tunda sunan Ibro kuke ambata, ku san mutumin, ku san hanyar da ya bi, ku kuma san waɗanda suka share ta kafin ya zo.

Marigayi Rabilu Musa, wato Ibro, ɗan ƙauye ne kamar ku. A Danlasan aka haife shi a 1971, cikin ƙaramar hukumar Warawa, ƙasar gero da dawa da gyaɗa irin tamu. Can ya yi firamare, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, a 1991 kuma ya shiga aikin gidan yari. Shekara 8 ya yi cikin kakin gandiroba kafin ya ajiye ya fuskanci fim gaba ɗaya. Mutumin da kuke ɗauka rana ɗaya ya wayi gari ya ga kansa a kaset, ya zauna a aji, ya yi jarrabawa, ya yi aikin albashi shekara da shekaru. Bai saki reshe ya kama ganye ba. Sai da wasan ya nuna zai iya riƙe shi sannan ya bar aikin gwamnati.

A ganina shekarun nan na gidan yari ba ƙaramar makaranta ba ce a gare shi. Wane ne ba ya shiga gidan yari? Ɓarawon akuya yana shiga, wanda bashi ya ci yana shiga, ɗan damfara mai zaƙin baki yana shiga, haka wanda aka yi wa sharri ba shi da mai tsaya masa. Wanda aikinsa shi ne ya tsaya a kansu safe da yamma, in Allah ya ba shi ido, zai ga yadda maƙaryaci yake rantsuwa, yadda matsoraci yake cika baki, yadda talaka yake rusunawa gaban mai iko alhali zuciyarsa tana tafasa. Allah ya ba Rabilu wannan idon. Shi ya sa in ya fito a mai gadi, ko boka, ko direba, ko baƙauyen da ya shigo birni kansa ya ɗaure, sai ka manta ɗan wasa kake kallo, ka ga wani mutum da ka taɓa sani. Ya iya zare ido, ya iya karkata hula, ya iya sauya murya, amma abin da ke sa gidan kallo ya kece da dariya shi ne kowa ya tuna wani kawunsa ko maƙwabcinsa.

A lokacin da fina-finan soyayya masu rawa da waƙa irin na Indiya suka cika kasuwa, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, irin fim ɗin su Ibro camama ake ce masa, kuma da raini ake faɗa: jari kaɗan, 'yan kwanaki an gama ɗauka, tsofaffin riguna, gidan ƙasa. Amma a ƙauyuka da tashoshin mota da teburin mai shayi, camamar ake nema. Manomi bai taɓa shiga irin falon da ake soyayya a ciki ba, amma ya san rigimar bashin hatsi, ya san zaman kishiyoyi, ya san zauren mai unguwa, kuma a fim ɗin Ibro yake ganin waɗannan da irin maganar da ake yi a cikinsu. Da ya rasu a Disambar 2014, bai wuce shekara 43 ba, mutanen da ba su taɓa ganinsa ido da ido ba suka riƙa yi wa juna ta'aziyya kamar ɗan gidansu aka rasa. Allah ya ji ƙansa.

Jarin ɗan wasa ke nan: ido, da kunne, da haƙurin zama ya kalli mutane. A wannan kuwa kun fi ɗan birni arziki, domin a Bacirawa mutum ba ya ɓuya. Kun san dattijo tun daga yadda yake gaisawa har yadda yake fushi, kun san wanda in ya zo aron garma sai ya fara da tambayar lafiyar kakarka, kun san matar da ba ta taɓa faɗin magana kai tsaye sai da habaici. Abin da ya rage ku koya shi ne kallo na gaske.

Ku je kasuwar Danbatta ranar Lahadi, ku shiga kara, ku bar waya a aljihu, ku zuba wa dillali ɗaya ido. Ku ga yadda yake naɗe igiyar rago a hannu, ya buɗe masa baki ya nuna haƙora, ya dafa gadon bayansa ya danna don mai saye ya ga tsoka. In an taya, ba mai saye yake duba ba, mai rago yake duba, shi kuwa ya kau da kai ya ce albarka. Sai dillali ya saki igiyar kamar ya yi zuciya, ya yi taku biyu, ya dawo ya kamo mai saye ta hannun riga ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya kamar zai gaya masa asirin gidansu. Daga nan ya koma wajen mai rago ya yi masa irin wannan raɗar. In an sallama, ku dubi fuskarsa sa'ad da ake ƙirga masa la'ada. Duk zafin nan ya tafi, gajiya ce ta rage, don tun asuba yake tsaye kuma akwai bakunan da ke jiransa a gida. Wanda ya ga wannan gajiyar shi zai iya fitowa a dillali har dillalai su yarda. Wanda hayaniyar kawai ya gani, hayaniya zai yi, a yi dariya sau ɗaya a wuce.

Ku tambayi iyayenku labarin Samanja Mazan Fama. Sunansa Usman Baba Pategi, kuma ba ma Bahaushe ba ne, Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi, haihuwar 1942. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja a shekarun 1960, bai tuɓe kaki ba sai 1985. Da ya tashi nuna rayuwar bariki a rediyo da talabijin, bai je tambayar kowa yadda soja yake magana ba. Ya sha fareti, ya sha tsawa, ya zauna a layin gidajen kurata ya ji faɗan matan soja da kunnensa. Hausar barikin nan mai gauraye da buroka, wadda dattawa har yau suke kwaikwaya in ana hira, daga bakin abokan aikinsa ya ɗebo ta. A zamanin da mulki ke hannun soja, ba a yi musu wargi, shi yana tsokanarsu a akwatin talabijin suna dariya, saboda sun san nasu ne kuma bai wulaƙanta kakin ba. A Kaduna ya rasu, a Nuwambar 2023, yana da shekara 81.

Sai Ƙasimu Yero, Bazazzagi, wanda ya rasu a Satumbar 2017 yana da shekara 70. Shi abin da nake so ku ɗauka a wurinsa harshe ne. A gidan talabijin na Kaduna ya yi Karambana da Hausa mai daɗin sauraro, ya fito a Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin. Da hukumar NTA ta fara Cock Crow at Dawn a 1980, wasan Turanci da aka ɗauka a yankin Jos don a jawo hankalin mutane su koma gona, shi ne Uncle Gaga, har mutanen Legas da Inugu suka san fuskarsa. In ya yi Turanci ba ka jin tuntuɓe, in ya juyo Hausa kuwa sai ka ce bai taɓa jin wani harshe ba. Yau ina sauraron wasu daga cikinku, jimla ɗaya ba ta ƙarewa sai an cusa mata kalmar Turanci, ba don an iya Turancin ba, don dai Hausar ta yi ƙaranci a baki. Wannan talauci ne, kuma maganinsa yana cikin gidajenku. Ku zauna kusa da kakanninku mata lokacin da ake sussuka ko ɓarar gyaɗa, ku ji karin magana da zambo da kirari yadda suke fita ba shiri. Ku nemi littattafan wasa ku karanta da murya: Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda shi ma ɗan wasa ne, Kasagi ake ce masa.

Kada kuma wani ya ce muku kwaikwayo baƙon abu ne da bidiyo ya kawo. Ko ku da kanku kun yi shi tun ba ku san sunansa ba. In azumi ya kwana 10, yaro ɗan shekara 9 zai manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a bayan riga ya yi doro, ya ɗauki kara ya dogara, ya shiga gida-gida yana rawar jiki irin ta tsoho, hannu ɗaya a ƙugu, yana tari. Ba wanda ya koya masa. Kakansa ya kalla. Tashe ke nan. Haka kalankuwa bayan kaka, inda samari suke naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka su yi kwanaki suna kwaikwayon mulki. Malam Aminu Kano, tun yana malamin makaranta a shekarun 1940, wasannin kwaikwayo yake rubutawa ɗalibai su nuna, don ya faɗi abin da ba ya faɗuwa a gaban manya. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya yi wasa, har ƙungiyar wasa aka yi da sunansa. Su kansu 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa da suka fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafin kasuwar bidiyon Hausa daga kansa, sun daɗe suna wasan dandali da na talabijin kafin su kai ga kaset.

Na ambaci dandali da gangan, don akwai abin da yake koyarwa wanda waya ba za ta taɓa koya muku ba. A gaban waya in ka yi kuskure sai a ce kot, a sake. A dandali mutane ne zaune a gabanka da idanunsu. In abin bai yi ba, shirun da za ka ji ya ishe ka darasi, in ya yi kuwa za ka san daidai kalmar da ta kama su, da tsawon jiran da ya kamata ka yi kafin ka faɗi ta gaba.

Kun san Mista Bin, Baturen nan na Ingila da ba kasafai yake magana ba amma yara da tsofaffi suke kwanciya da dariya in an kunna shi. Sunansa Rowan Atkinson, an haife shi a 1955, mahaifinsa ma manomi ne. Injiniyan lantarki ya karanta a jami'ar Niyukasil, ya ƙara digiri na biyu a Okusfod, a can kuma ya riƙa hawa dandali tare da ƙungiyoyin ɗalibai. Ya yi shekaru yana gwada wannan hali na Mista Bin a gaban jama'a. A 1987 ya kai shi wani bikin barkwanci a Montiriyal ta ƙasar Kanada, ya nemi a sa shi gaban masu jin Faransanci, don ya gani ko jikinsa kaɗai zai iya ba da dariya ba tare da harshe ba. Sai a ranar 1 ga Janairun 1990 aka fara nuna shirin a talabijin. Kuma duk shaharar nan da ta game duniya, ainihin shirin kashi 15 ne kacal, a tsakanin 1990 da 1995. Akwai a cikinku wanda yake ɗora bidiyo 15 a mako guda. Kun fi kowa sanin yadda gonakinmu na kusa da birni suke ba da amfani shekara bayan shekara ba hutu: tun da rani, lokacin da ba mai kallo, ake jigilar taki da toka a kan jaki ana tarawa tsibi-tsibi. Wanda bai kai taki ba, ko ya riga kowa shuka, a kaka za a gane. Aikin ɗan wasa haka yake, mafi yawansa kafin a kunna kyamara ake yinsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ina roƙonku ku saurare ni da kyau. Na ga bidiyon da aka sa wani bawan Allah mai i'ina a gaba ana ja masa magana don ya sarƙe a yi dariya. Na ga wanda aka laɓe aka ɗauki mai taɓin hankali, da wanda aka tsorata tsohuwa a hanyar rijiya don a ɗauki yadda za ta zubar da tulu. Waɗannan suna tara masu kallo da sauri, na sani. Amma wannan zalunci ne, kuma ba ya cikin sana'ar da Samanja da Ƙasimu da Ibro suka yi. Su jikinsu suke sakawa, su ɗauki wauta su ɗora wa kansu, a yi musu dariya, mai irin halin ya gani ya gyara ba tare da an kira sunansa ba. Wanda ya ɗauki maƙwabcinsa a ɓoye ya watsa wa duniya bai yi kwaikwayon komai ba, mutuncin Musulmi ya ci, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa. 'Ya'yan tsohuwar nan za su gani, jikokinta za su gani. A gari irin namu, inda za ku haɗu a masallaci da gona da wajen jana'iza har ƙarshen rayuwa, da wane ido za ka dube su? Kafin ka kwaikwayi mutum, ka tambayi kanka ko za ka iya yi yana zaune a sahun gaba, shi ma ya yi dariya. In ba za ka iya ba, bar shi.

Sai maganar kuɗi, wadda masu nuna muku motoci a Instagram ba za su gaya muku ba. A farkon 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, dattijuwar da take wasa tun zamanin talabijin, ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da ake ba ta in ta fito a fim yakan kama daga naira 2,000 zuwa 5,000. Wasu furodusoshi sun fito sun ce su sun biya ta fiye da haka, aka yi ta ka-ce-na-ce. Ko ma yaya ne, maganar ta buɗe abin da kowa a harkar ya sani: 'yan kaɗan ne a sama suke samu, sauran sallama ake yi musu. Karkuzu na Jos, wanda ya ba Arewa dariya shekara da shekaru, ya tsufa ya rasa ganinsa cikin rashi, sai da ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida kafin rasuwarsa a 2025. Sabon shiga kuwa, ya biya kuɗin mota daga ƙauye zuwa lokeshin, ya zauna tun hantsi har rana ta yi sanyi yana jiran sin ɗaya, wataƙila a ce ya dawo gobe, wataƙila a ɗauka a yanke wajen tacewa.

Kasuwar ma ba ta tsaya wuri ɗaya. Da can 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne suke sayen fim su buga kaset, daga baya faifan CD. Masu satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe wannan kasuwa, mutane da yawa suka karye. Daga wajen 2020 harka ta koma fina-finai masu dogon zango, irin su Izzar So a YouTube da Labarina a tashar Arewa24. A YouTube kuwa kuɗin talla mai tasha yake zuwa wa, ba wanda ya leƙo a sin biyu ba. Gobe ma wani abu zai zo ya ture wannan. Don haka ina gaya muku da babbar murya: kada ɗayanku ya sayar da gonar gado don ya yi fim ko ya sayi babbar waya. Na san dillalan filaye suna zagaye, birni yana matsowa, kuɗin da suke kira yana ruɗa yaro. Kuɗin fim ɗaya wata guda ya ishe shi ƙarewa, gona kuwa ita ta ciyar da kakanka, ita za ta ba ka ƙarfin cewa a'a ranar da aka kawo maka rawar da ba ta dace da kai ba. Mai hatsi a rumbu shi ke zaɓen abin da zai fito a ciki. Ku riƙe noma, ku riƙe ɗinki ko gyaran babur ko kiwo, ku riƙe makaranta. Ali Nuhu da kuke gani, digirinsa na ilimin labarin ƙasa ya yi a Jami'ar Jos, kuma a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya.

Na ce zan dawo kan iyaye. In mahaifinka ya ɗaure fuska da ya ji kana wasa, kada ka ce bai waye ba. Ya ga yaran da suka tafi birni da sunan fim suka dawo ba sallah ba sana'a. Ya ji abin da malamai suke faɗa game da cakuɗuwar maza da mata da raye-raye, kuma ba duka ne ƙage ba. Ƙyamar ta kai a 2016, da gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar fim a Kofa, nan jihar Kano, malamai da jama'a suka tashi har aka janye. Yardar mutane ba a ƙwatarta da gardama. Sai sun ga kana wasa kuma sahun asuba bai rasa ka ba, gonarka ba ta yi ciyawa ba, abin da kake nunawa kuma uwa za ta iya kallo tare da 'yarta. Ku san doka ma. Tun 2001 jihar Kano take da Hukumar Tace Fina-finai, kuma tana da haƙora. Ibro da kansa, duk da sunansa, a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata 2 a kan fim ɗin Ibro Aloko. Mutane sun yi ta muhawara a kan adalcin hukuncin, amma ku darasinku shi ne ku yi rajista inda ake yi, ku riƙe takardunku.

Ku kuma ƙannena mata, maganata da ku ta fi nauyi. Akwai masu baiwa a cikinku, na gani a tashe, na gani a wasannin makarantar Islamiyya ranar sauka. Amma duk wanda ya turo miki saƙo a waya ya ce zai sa ki a fim, ki zo ki same shi a wani wuri ke kaɗai, ko ki turo hoto, ko ki kawo kuɗin fom a ɓoye, wannan ba darakta ba ne, mafarauci ne. Harkar gaskiya ba ta gudun mahaifinki ko yayanki. In ba za a iya zuwa zaure a yi sallama a nemi izini ba, ki rufe wayar, ki gaya wa innarki.

Wanda kuma ya ji a ransa wannan ce hanyarsa, to ya neme ta ta ƙofa. Jami'ar Bayero tana da sashen koyar da wasan kwaikwayo, haka Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a Jos kuma akwai makarantar koyon aikin fim ta ƙasa. Su mutanen Zariya akwai abin da suka yi da ya shafe mu kai tsaye. Daga ƙarshen shekarun 1970, malamai irin su Michael Etherton da Salihu Bappa suka riƙa fita da ɗalibansu ƙauyuka kamar Soba da Maska da Bomo, da abin da suka kira wasan manoma. Ba da rubutaccen labari suke zuwa ba. Zama suke yi da mutanen gari su ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, taki ne, ko fili, ko cuta, su gina wasa a kai, su nuna a dandalin garin, sannan su tsaya a tattauna.

Wannan kuna iya yinsa bana, ba sai kun jira kowa ba. In an gama girbi an kai amfani gida, ku haɗu ku zaɓi magana ɗaya da ta dami Bacirawa. Ga gonar da ake ta rabawa tsakanin magada har kason kowa ya kasa cika rumbu. Ga takin zamani da ba ya isowa sai shuka ta wuce lokacinsa. Ga wanda ya sayar da hatsinsa da arha a kaka ya dawo yana saye da tsada a bazara. Ku bi waɗanda abin ya shafa ku ji daga bakinsu, ku sauya sunaye da kamanni yadda ba wanda zai ji an tona shi, ku yi mako 2 kuna gwaji. Ku je wa mai unguwa da liman ku nemi izini, ku nuna a filin makarantar firamare bayan la'asar, a ware wa mata gefensu. In an gama kada ku watse, ku tambayi jama'a inda kuka kauce. In wata gyatuma ta ce ba haka ake yi ba, ku tambaye ta yadda ake yi, ku gyara, ku sake nunawa mako mai zuwa. Sai an yi haka sannan a nemo mai waya ya ɗauka, kuma tun kafin a ɗora, a zauna gaban shaidu a rubuta tashar wa za a sa, da abin da kowa zai samu in kuɗi ya shigo.